Rashin haihuwa: gona ce ko iri ne?

A garuruwanmu idan aure ya daɗe babu ɗa, mace ake zargi. Wata a yi mata kishiya, wata a sake ta. Amma mu manoma mun san cewa idan hatsi bai tsiro ba, ba kullum ne laifin gona ba. Wani lokaci iri ne ya lalace.

Haka haihuwa take. Ciki yana shiga ne idan maniyyin namiji ya gamu da ƙwan mace. Mace tana sakin ƙwai guda a wata. Ga wadda take ganin haila duk kwana 28, ƙwan yana fitowa wajen kwana na 14, idan aka ƙirga daga ranar da jini ya fara zuwa. Ƙwan kwana 1 yake yi da rai, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace.

Likitoci suna kiran abin rashin haihuwa idan miji da mata sun shekara 1 suna kwana tare, ba tare da maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai shiga ba. Watannin da maigida ya yi a wurin ci-rani ba su cikin lissafi. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wannan matsala a rayuwarsa.

Me ke kawo ta? Ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba yana toshe hanyar ƙwai ga mace, da hanyar maniyyi ga namiji. Cutar da ke kama mahaifa bayan haihuwa ko ɓari cikin ƙazanta ita ma tana toshewa. Hangum kuwa, idan ya kama namiji bayan ya balaga, yana iya taɓa maraina. Mu lura: namiji yana iya zama da cikakken ƙarfi, amma maniyyinsa ba ya ba da ciki.

Saboda haka miji da mata su je gidan likita tare. Awon maniyyi ba shi da wuya, ba ya sa zafi. Idan ciwon sanyi ne, su biyu za su sha magani har ya ƙare. Mace da ta wuce shekara 35 kada ta jira shekara, wata 6 ya isa.

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa namu ne. Kafin mu saki mace, mu fara auna iri.