Shin Ko Kun San? Abin da Kwamfuta Ke Tambaya Game da Ƙwayar Hatsi

Shin ko kun san rumbunan gwamnatin tarayya da ke Kwali, nan Abuja, an gina su ne don ɗaukar tan 100,000 na hatsi? Idan masara ce, kuma ƙwaya uku suka kai giram ɗaya, to ana maganar ƙwaya kusan biliyan 300. Injiniyoyin zamani sukan fara kallon yadda hatsi zai zuba a kwamfuta kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, sai dai wannan adadi ya fi ƙarfinta. Dole su ƙanƙanta rumbun, ko su kumbura ƙwayoyin.

Dabarar bin ƙwayoyi a kwamfuta ma ba don hatsi aka ƙirƙiro ta ba. Peter Cundall ya soma ta ne a kan duwatsu a 1971, shi da Otto Strack suka faɗaɗa ta a 1979. Kwamfuta na bin kowace ƙwaya ita kaɗai: girmanta, nauyinta, santsinta, taurinta, har da irin tsallen da take yi in ta faɗo kan ƙarfe.

Ko kun san tsibin da mai awo ke ɗorawa a saman mudu a kasuwar Gwagwalada gwaji ne na kimiyya? Ku lura da hannunsa. Yana ta zubawa, tsibin na tashi, can sai ya tsaya, duk abin da aka ƙara gangarowa yake yi cikin buhu. Wannan gangaren shi masana ke aunawa, kuma a busasshiyar masara ko alkama ba ya kaiwa digiri 30. Idan tsibin kwamfuta bai yi daidai da na gaske ba, a koma a gyara lissafi. Hatsi mai danshi ya fi tsayuwa a tsaye, shi ne kuma ke cushewa a bakin rumbu.

Waken suya ba ya ba kwamfuta wahala, ƙwallo ɗaya ya wadatar a matsayin ƙwayarsa. Ita kuwa masara, da fasalinta mai kama da haƙori, sai an manna ƙwallaye da yawa kafin ta fito.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Janssen, injiniya Bajamushe, a 1895. Ruwa a tanki, iya zurfinsa iya dannar da yake yi wa gindi. Hatsi ba haka yake ba. Da ya kai wani tsayi, ƙwayoyin sai su jingina da juna su miƙa wa bango nauyin. Ashe bango ne ke shan wahalar.

Kuma ko rumbu cike yake ko ya kusa ƙarewa, saurin zubar kusan ɗaya ne. Faɗin ƙofa ke yanke hukunci. Beverloo da abokan aikinsa sun nuna a 1961 cewa ninka faɗin ƙofar sau biyu kan ƙara zubar fiye da ninki biyar.

Wajen kashi 40 cikin 100 na buhun masararku iska ce zalla. Ta waɗannan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyi fanka ke hura iska a rumbu, ta nan kuma ƙwaro ke yawonsa.