Malami Baƙo, Ɗalibi Ɗan Gida: Halin da Makarantun Doha Ke Ciki

A Doha, ɗan ƙasa ne ke da wuyar gani. 'Yan asalin Katar ba su fi kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na mazauna ƙasar ba, sauran duk baƙi ne da neman abinci ya kawo. Wannan lissafi ya bi yara har cikin aji. A makarantun gwamnati na maza, akasarin malamai 'yan Masar ne, ko Jodan, ko Siriya, ko Tunisiya, domin samarin Katar sun fi sha'awar aikin soja, ko kamfanin gas, ko ofis, inda albashi ya fi tsoka.

Abin ba na yau ba ne. Tun shekarun 1950, da kuɗin mai ya fara shigowa aka buɗe makarantun zamani, daga Masar da Falasɗinu aka ɗebo malamai. Wani zai ce ai duk Larabawa ne, ina matsalar? To, Larabcin Alƙahira daban, na Katar daban. Yaron da ya tashi a majalisar kakansa yana tsaye da butar gahawa a hagu, yana miƙa ɗan kofi da dama, ya san wa ake fara bai wa, ya san gidan da ake shiga kai tsaye da wanda sai an nemi iso. Malamin da ya sauka daga jirgi watan jiya bai san ko ɗaya ba. Ga shi zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan kwantiraginsa, kuma mai fargabar sallama da wuya ya tsawata wa ɗan masu gari.

A 2001 gwamnati ta gayyato cibiyar RAND ta Amurka ta duba makarantun. Daga shawararta aka kafa Majalisar Ƙoli ta Ilimi a 2002, aka buɗe makarantu 12 masu cin gashin kansu a 2004, aka mayar da lissafi da kimiyya Turanci. A takarda tsarin ya yi kyau. A aji kuwa, malamin da ya yi karatunsa da Larabci shi aka ce ya koyar da Turancin da bai ƙware ba, ga yaran da ba sa jin sa sosai, ga iyaye na kukan harshensu na suɓucewa. A 2012 aka koma Larabci, a 2016 aka rushe majalisar aka maido da ma'aikatar ilimi, sannan a 2019 aka yi dokar kare harshen Larabci.

Yanzu ƙoƙarin ya karkata wajen samar da malamai daga cikin gida. Sheikha Hind bint Hamad ta kafa shirin Teach For Qatar a 2014, inda ake horar da waɗanda suka gama jami'a su koyar na shekara biyu a makarantun gwamnati. Makarantun kuɗi ma an wajabta musu koyar da tarihin Katar.

Mutumin arewacin Najeriya ba zai ji labarin nan baƙo ba. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, mai hedikwata a Kaduna, amma har gobe akan tura malamin da ba ya jin Fulatanci ruga, kuma bai san cewa da hantsi yara na wajen kiwo ba. Bambancin kawai, Katar na da kuɗin ɗauko malami daga duk inda ta ga dama, duk da haka sai da ta shafe shekara kusan goma kafin ta janye tsarin da aka zana mata daga waje.