Motar Lantarki a Madarumfa: Gida Ake Fara Shiryawa Kafin Mota

A watan Maris na 2025 man fetur ya yi ƙaranci a Nijar, motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai, alhali ƙasar na da matatarta ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Kafin nan ma, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya, man ruwa-ruwa da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya daina zama mai arha kamar da. Ba abin mamaki ba ne idan mai ɗan hali a Madarumfa, wanda kullum yana kan hanyar Maraɗi, ya fara tambayar kansa ko lokaci ya yi da zai sayi motar da ba ta shan mai.

Tambayar ba ta wasa ba ce. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar sabuwa, mafi yawansu a ƙasar Sin. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da na gas a farkon 2024. A nan kusa da mu, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, shi ne ya jagoranci hukumar ƙera motoci ta Najeriya lokacin da ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. To amma mai mota a Beijin ko Oslo yana da wuraren caji a kan hanya. Na Madarumfa gidansa ne gidan mansa, shi ne mai shi, shi ne ma'aikacinsa, shi ne kuma zai gyara in ya lalace. Saboda haka maganar ba daga mota take farawa ba, daga wutar gida take farawa.

Mu ɗauki batirin motar kamar randa. Girman randar ana auna shi da kilowat-awa, ma'aunin nan da NIGELEC ke rubutawa a takardar kuɗin wuta. Ƙarfin cajar kuwa, wanda ake aunawa da kilowat, shi ne kaurin ruwan da ke zuba cikinta. Nissan Leaf ta farko, ta 2010, batirinta kilowat-awa 24 ne. Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas tana da 64. Matsakaiciyar mota tana cin tsakanin 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100, kuma ta fi ci idan an kunna na'urar sanyaya mota, abin da ba makawa a bazararmu.

Soket ɗin bango na gida, mai wuta bolt 220, yana ba da kilowat biyu da 'yan kai idan wayarsa lafiyayya ce. Ke nan kowace awa ɗaya ta caji tana ƙara wa mota tafiyar kilomita 10 zuwa 13. Wanda ya ji haka zai ce ai wannan tafiyar hawainiya ce, kuma gaskiya ne cewa cika batirin Kona daga ƙasa ta wannan hanya zai ci fiye da kwana guda. Sai dai ba haka ake amfani da ita ba. Daga Madarumfa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 25 ne, zuwa da dawowa 50. Abin da wannan tafiya ta cinye bai wuce kilowat-awa 10 ba, kuma awa huɗu zuwa biyar sun isa mayar da shi. A jona bayan sallar isha'i, kafin asuba an gama. Sabon mai motar lantarki yakan ɗauki lokaci kafin ya saba da wannan: ba a jira sai ta kusa ƙarewa, kullum ake ɗan ƙara mata.

Lissafin kuɗin ma yana da daɗin ji. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 tana cin kusan jika huɗu ke nan. Ta lantarki kuwa, ko da mun ɗauka tana jan kilowat-awa 20 daga mita, muka kuma yi wa kowane ɗaya kuɗi sefa 130 don kada mu yaudari kanmu, jika biyu da sefa 600 ne. Mai karatu ya duba takardarsa ta wata ya sa farashin da yake biya a gurbin nawa, ya kuma tuna cewa yawan amfani da wuta na tura gida zuwa matakin farashi mafi tsada. Ban da haka babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki ma yana daɗewa domin injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato a ce akwai wutar. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, ba ta dawo da ita ba sai Maris na 2024. Wanda ya kwana cikin duhun waɗancan watanni ba sai an yi masa bayani ba. Ko a lokacin zaman lafiya ma, Afrilu da Mayu, sa'ad da kowa ya kunna fanka da firji, wuta na ɗaukewa ko ta zo da rauni, kuma cajar mota takan ƙi aiki idan ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da yadda take so. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka buɗe a 2023 Yamai take taimaka wa, ba mu ba. Mai tunanin zai riƙa cajin motarsa da janareta kuwa, gara ya zuba man a tankin motar fetur kai tsaye ya huta.

Abin da muke da shi a wadace rana ce. Farantin sola mai wat 500 yana ba da kilowat-awa biyu zuwa biyu da rabi a yini a yankinmu. Tafiyar nan ta Maraɗi ke nan tana buƙatar faranti biyar, a ce shida ko bakwai saboda ƙurar hunturu da gajimaren damina, ban da waɗanda gidan kansa ke buƙata. Amma akwai wani ƙulli da masu tallar kayan sola ba su cika faɗa ba: lokacin da rana ta fi ƙarfi, lokacin ne mota ba ta gida. Mafita biyu ce. Ko dai mutum ya sayi babban batirin gida da zai tara wutar yini ya juye wa mota da dare, wanda kuɗinsa zai iya cinye ribar shekaru, ko kuma ya tsara zirga-zirgarsa ta yadda motar za ta yi hantsi ko azahar a gida. Ɗan kasuwar da ke fita kwana uku a mako, ko mai lambu a Jiratawa da ke dawowa kafin rana ta take, ya fi ma'aikacin ofis na Maraɗi sauƙin wannan. Inbatar ma dole ta kasance mai ɗaukar kilowat uku zuwa sama ba tare da ta yi zafi ba. Irin wadda aka saya don talabijin da ƙwan fitila ba za ta kai ko'ina ba.

Sai maganar da ta shafi rai. Dutsen guga yana jan wuta mai yawa, amma na 'yan mintoci. Mota tana jan irin wannan wutar awa biyar ko goma ba hutawa. Siririyar waya, soket mai kwance, da doguwar wayar nan mai baki huɗu da ake saya a kasuwa, duk za su yi zafi su narke, kuma da dare ne, mutane na barci. A samu ƙwararren mai aikin wuta ya ja wa motar layinta daban tun daga mita, da waya mai kauri, da abin katse wuta nata, da wayar ƙasa da aka binne da kyau. Yawancin cajoji ma ba sa tashi idan babu wayar ƙasar, kuma gidajenmu da yawa an yi musu wuta ba tare da ita ba. Mai son akwatin caji na bango mai kilowat 7, wanda ke ninka sauri sau uku, ya fara zuwa ofishin NIGELEC ya ji ko mitarsa za ta ɗauka, don ƙaramar mita ba ta jure shi.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Tun 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka suka koka cewa batirinsu na tsufa da wuri, saboda ba shi da ruwan sanyaya shi. Bazarar Madarumfa, da ke haura digiri 40, ba ta fi ta can sauƙi ba. Don haka a nemi motar da ake sanyaya batirinta da ruwa, a yi mata rumfa, kada a bar ta cike maƙil cikin rana. Ga yawancin batura, tsakanin kashi 20 zuwa 80 ya fi musu lafiya. Mai sayen ta hannu kada ya tsaya duban fenti da kujeru, ya sa a auna masa lafiyar batir da na'ura a gabansa, domin batirin ne mafi tsadar abin da ke jikin motar.

A kuma duba bakin caji. Na Sin daban, na Turai daban, na Amurka da Japan daban, kuma wasu cajojin da ke zuwa da motocin Amurka na bolt 120 ne, jona su a bangonmu ƙonewa ne nan take. Kayan gyara suna da nisa, musamman tun da rufe iyakar Benin ya karkatar da kaya zuwa Lome ta Burkina Faso. Bakaniken unguwa zai iya taya da birki da ƙafa, amma wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da bolt kusan 400, kada a bari wanda bai koya ba ya taɓa su. Batirin kuma a ƙasan motar yake shimfiɗe, saboda haka a yi hattara da kwazazzabai da ruwan Gulbi in ya cika da damina.

Doguwar tafiya fa? Katsina ana iya zuwa a dawo idan batirin babba ne. Damagaram, mai nisan sama da kilomita 200 daga Maraɗi, sai an san gidan da za a kwana a jona. Yamai, mai sama da 600, a hau bas.

A ganina motar lantarki a yau ta dace da mutum iri ɗaya a Madarumfa: mai gida da fili a ciki, mai halin kafa sola, wanda tafiyarsa gajera ce kuma sananniya, yana kuma da wani abin hawan na ko-ta-kwana. Ga sauran jama'a, babur da adaidaita masu batir sun fi kusa, domin batirinsu ƙarami ne, faranti biyu ko uku na iya riƙe babur. Wanda ya ƙudurta sayen motar, ya fara da gyara wayoyin gida da kafa sola, ya yi bazara guda yana lura da yawan wutar da yake samu a yini. Idan ta wadatar da gida har ta yi rarar kilowat-awa 10, to ya je ya yi cinikin mota.