Sarautar Zazzau A Bakin Tsofaffi Da Maroƙa

Ka sani ya kai mai karatu, akwai wani ilmi na sha'anin mulki a cikin birnin Zariya wanda ba a karanta shi a allo ko a littafin fiƙihu. Yana bakin tsofaffi a zauruka, da bakin maroƙa a ƙofar fada, da karin maganar fatake a kasuwa. Galibin malamai sun ɗauke shi lagawu, alhali shi ya riƙe wata ƙa'ida ta ƙasar nan shekara ɗari biyu, watau sarautar Zazzau ba gadon gida ɗaya ba ce.

Asalin abin kuwa, sa'ad da Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu ya ci birni, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ba shi kaɗai ya yi yaƙin ba. Da ya rasu a 1821 sai aka naɗa Yamusa, Babarbare, aka bar 'ya'yan Musa. Bayan Yamusa, a 1834, aka naɗa Abdulkarimu Bakatsine, wanda a zamaninsa Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Jumma'a. Daga baya Sullubawa suka sami sarki guda, Abdussalami. Ta haka gidaje suka zama huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sullubawa, kowanne da unguwarsa da barorinsa da masu yi masa kirari.

To, a nan aikin baki yake. Maroƙi in ya tsaya gaban ɗan sarki ba yabo kaɗai yake yi ba, lissafi yake yi a bainar jama'a: wane ya haifi wane, wane ya hau gado, shekara nawa ya yi. Gidan da ya daɗe bai yi sarauta ba, muddin ana ambaton kakanninsa ranar Salla, haƙƙinsa bai mutu ba. Lalle a cikin roƙo akwai ƙarya da zambo domin kuɗi, masu tsawatarwa a kansa kuwa suna da hujja, amma wanda ya toshe kunne gaba ɗaya ya yi hasarar tarihi.

Talakawa su ma suna da nasu. Su suka ce sarki goma zamani goma, su suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, suka kuma ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Mutanen Zazzau sun ga gaskiyar wannan da idonsu, domin sarakunansu da aka tuɓe ba kaɗan ba ne. Sakkwato ta tuɓe Sidi Abdulƙadir, ta tuɓe Abdullahi har sau biyu, ta tuɓe Sambo a 1888. Nasara suka zo suka tuɓe Kwasau, sa'an nan a 1920 suka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi, suka kai shi Lakwaja.

Amma fa kada a zaci bi da bi ne kamar adashi. Daga 1920 zuwa 1959 Barebari suka yi sarki uku a jere, Dalhatu da Ibrahim da Ja'afaru. Sa'an nan Katsinawa suka riƙe shekara 61, daga Muhammadu Aminu zuwa Shehu Idris, wanda ya rasu a watan Satumba na 2020. A wannan lokaci duka Mallawa ba su da komai sai sarautun hakimci da sunayen kakanni a bakin maroƙa, har samari da yawa suka tashi ba su taɓa ganin wanda ya ga sarki Bamalle ba.

Da aka zo zaɓe a 2020, gardama ta yi zafi har ta kai kotu, kuma cikin hujjojin da aka riƙa ja da su a shaguna da zaurukan karatu har da wannan tsohon lissafi. A watan Oktoba gwamnatin Jihar Kaduna ta naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, shekara 100 cif bayan fitar Aliyu Ɗan Sidi. Sullubawa kuwa tun Abdussalami ba su sake hawa ba, amma har yau in ana lissafin gidajen sarautar Zazzau huɗu ake cewa.