Dalilin da ya sa yawan cibiyoyin furosesa ba ya tabbatar da saurin kwamfuta

Masu sayar da kwamfuta kan ɗora farashi a kan yawan cibiyoyin furosesa, wato ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikinta, waɗanda kowace ke iya gudanar da nata aikin. Mai saye yakan ɗauka cewa cibiya takwas za ta ninka saurin cibiya ɗaya sau takwas. Lissafi bai yarda da hakan ba.

Zafi ne ya haifar da wannan tsari. A 2004 kamfanin Intel ya soke shirin fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, domin ƙara wa cibiya ɗaya gudu na cin wuta da haifar da zafi fiye da kima. A 2005 Intel da AMD suka fitar da furosesa masu cibiya biyu don kwamfutocin tebur.

Tun a 1967 injiniya Gene Amdahl na Amurka ya nuna iyakar wannan dabara: duk ɓangaren aikin da ba ya rabuwa, dole cibiya ɗaya ta yi shi, sauran suna jira. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, cibiya takwas ba za ta kai ninki biyar ba, kuma ko an tara dubu ba za a wuce ninki goma ba. Shi ya sa mai tace bidiyo ke cin moriyar yawan cibiyoyi, mai rubutu a Word kuwa da wuya ya ga bambanci.

Sai rabon aiki, wanda ke hannun babbar manhaja. A ƙarshen 2021 Intel ya fitar da Core i9-12900K mai cibiyoyi 16: takwas masu ƙarfi, takwas masu tsimin wuta. An tsara Windows 11 ta riƙa karɓar bayani daga furosesar kan wace cibiya ta dace da wane aiki. Windows 10, wadda Microsoft ya daina tallafa mata kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ba ta samu wannan gata sosai ba, kuma takan tura aiki mai nauyi ga cibiyoyi masu rauni.

Akwai wata shawara da ke yawo a intanet, wai a shiga msconfig a zaɓi yawan cibiyoyi domin a "buɗe" su. Wannan ba gaskiya ba ne. Windows na amfani da dukkansu tun farko, kuma an yi wannan zaɓin ne don rage su.

Abin da ya fi amfani shi ne a buɗe Task Manager a duba yadda aiki ke rabuwa. Idan cibiya ɗaya ta cika sauran na zaune, matsalar daga manhajar da ake amfani da ita take, sayen furosesa mai cibiyoyi da yawa asarar kuɗi ce. Idan kuma gudun na faɗuwa bayan 'yan mintuna, a zargi zafi: furosesa kan rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 100, kuma ƙurar hunturu da ta toshe fanka na gaggauta hakan.