Ko Kun Sani? Mai Ciwon Barci Da Dare Ba Ya Samun Barci

Mutumin da ciwon barci ya kama ba ya fin sauran jama'a yawan barci sosai. Lokacin barcin ne ke birkice masa: ya yi ta gyangyaɗi da rana tsaka, ko da yana cikin cin abinci, dare kuwa ya raba shi ido biyu. Ƙudan tsando ne ke sa wa mutum ƙwayar cutar idan ya cije shi. Da fari zazzaɓi ne da ciwon kai da kaluluwa a bayan wuya, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa maleriya. Sai ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa ta dagula tsarin da ke raba wa jiki dare da rana.

Abin alfahari ga mutanen Kaduna shi ne, a nan Unguwar Rimi, kan titin Surame, hedkwatar cibiyar NITR take, wadda ke binciken wannan cuta da 'yar'uwarta sammore mai kashe shanu. An kafa ta a 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila a lokacin. Ciwon barci ya taɓa addabar ƙasar Zazzau har aka gina sabon gari, Takalafiya, kusa da Anchau, don nisanta jama'a da tsando. A 2018 waɗanda aka samu da cutar a duk duniya ba su kai 1,000 ba.