Pretty Yende, Muryar Da Ba Ta Neman Lasifika

Zauren Metropolitan da ke birnin Niyok yana cin mutum kusan 3,800. A gaban dandamalinsa akwai wani rami inda makaɗa sittin ko fiye suke zama, masu goge da masu sarewa da masu ƙaho da ganguna. Mace ɗaya ce za ta tsaya a bayansu, ba makirfo, ba lasifika, ta ɗaga murya har na can ƙarshen bene ya ji ta tar. Aikin sofarano ke nan, wato mai mafi siririyar murya a cikin mawaƙan ofera, wasan kwaikwayon nan da ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, wanda galibi da waƙa ake yin duk maganganunsa. Idan ka taɓa jin zabiya ta keta hayaniyar gidan biki da muryarta, to ka kusa gane abin, sai dai wannan za ta yi awa uku tana yi.

Pretty Yende tana cikin 'yan kaɗan da ake rububinsu a wannan sana'a yau. An haife ta a 1985 a Piet Retief, wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata bai faɗi ba. Waƙar coci ta tashi da ita, kuma aikin akanta take shirin karantawa. Tana da shekara 16 ta ga tallan kamfanin jiragen British Airways a talabijin, aka sa muryoyin mata biyu daga oferar Lakmé ta Léo Delibes. Ta tambayi malaminta mene ne wannan, ya ce ofera ce, ta ce ita ma sai ta koya.

'Yan jarida suna son wannan labari, ba sa gajiya da shi. Ni kuwa shekaru goman da suka biyo baya sun fi jan hankalina. Ta shiga sashen kiɗa na Jami'ar Cape Town a hannun malama Virginia Davids, daga nan ta wuce makarantar gidan ofera na La Scala a Milan, ta gama a 2011. Me ake koya tsawon wannan lokaci? Numfashi, da farko. Muryar mutum daga wasu 'yan tantani biyu take fitowa a maƙogwaro, na mace tsawonsu bai kai santimita biyu ba, kuma idan sofarano ta hau can ƙololuwa sukan kaɗa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya matsa musu da ƙarfin wuya zai lalata su. Daga ciki da haƙarƙari ake turo iska a hankali, a gyara buɗin baki da maƙogwaro har sautin ya yi kaifin da zai ratsa kiɗa. Sannan ga harsuna: Italiyanci da Faransanci da Jamusanci, a haddace wasa sukutum, a rera shi a guje, a durƙushe, a kwance. Ai matan cikin labaran ofera da yawa mutuwa suke yi a ƙarshen wasa. Violetta ta cikin La Traviata tarin fuka ne ke kashe ta, amma dole mai fitowa a matsayinta ta mutu da lafiyayyen huhu.

Gasa ce ƙofar shiga. Yende ta zo ta ɗaya a gasar Belvedere a Biyana a 2009, ta sake zuwa ta ɗaya a Operalia, gasar mawaƙi Plácido Domingo, a Mosko a 2011. Sai Janairun 2013, mawaƙiya Nino Machaidze ta janye daga wasan Le Comte Ory na Rossini a Metropolitan, aka kira Yende a ƙurarren lokaci, ga shi ba ta taɓa yin wasan ba. Daren farko, fitowarta ke da wuya ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban jama'a. Ta miƙe, ta rera, aka tashi ana ta tafi. Shekararta 27.

Daga nesa sai a ɗauka daula ce. Manyan mawaƙan ofera ba su da albashi. Dare-dare ake biyansu, ranar da mura ta kama ki kika fasa fita, babu ko sisi. Ana sa hannu a kwangila shekara uku ko huɗu kafin wasa, alhali ba wanda ya san yadda murya za ta kasance a lokacin. Babban tarkon shi ne kwaɗayin karɓar wasan da ya fi ƙarfin murya tun ba ta nuna ba. Maria Callas, wadda har gobe ake auna sauran da ita, ta yi cikakkiyar oferarta ta ƙarshe a 1965 tana da shekara 41 kacal.

Ga baƙar mace kuma akwai ƙarin dutse a hanya. Sai a 1955 Metropolitan ya bar baƙar fata, Marian Anderson, ta fito a babban matsayi, Leontyne Price ta biyo a 1961. Yende da kanta ta zama baƙar mace ta farko da ta yi Violetta a gidan oferar Faris, kuma a 2019 ne fa, ba da can ba.

Ranar 6 ga Mayun 2023 ta rera waƙa ita kaɗai a cocin Westminster wajen naɗin Sarki Charles na Uku. Ƙanwarta Nombulelo ma sofarano ce, tana nan tana yin wasanni a Turai.